Bidiyo a Cikin Aji: Jagora ga Malamin da Ke Fama da Ƙarancin Wuta da Data

Akwai darussan da alli da allo ba sa iya musu. Malamar kimiyya a ƙaramar sakandare za ta iya zana zuciyar ɗan'adam da ɗakunanta huɗu, ta ja kibiyoyi, ta rubuta sunan kowace jijiya, amma zanen nan ba zai taɓa bugawa ba. Yara za su kwafe shi tsaf a littafi, su haddace sunayen, ranar jarrabawa su mayar mata da abinta, alhali da yawansu ba su gane cewa jinin da ya tafi huhu shi ne yake dawowa a tura shi sauran sassan jiki ba. Bidiyon minti biyu da ke nuna ƙofofin zuciya suna buɗewa suna rufewa yakan warware abin da aka yi mako guda ana maimaitawa.

Irin waɗannan bidiyoyi sun cika intanet, kuma mafi yawansu kyauta ne. Abin da ke hana malamanmu cin moriyarsu sananne ne: wuta ba ta tsayawa, data na da tsada, sabis yakan ɗauke a daidai lokacin da ake buƙatarsa, aji kuma cike yake maƙil. Duk da haka akwai hanyar bi, kuma yawancin aikin ana gama shi ne tun kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji.

Inda bidiyo ya fi alli

Tun a 1913 Thomas Edison, wanda ya yi suna wajen ƙere-ƙere a Amurka, ya yi hasashen cewa fim zai kori littattafai daga makarantu cikin 'yan shekaru. An shafe fiye da shekara ɗari, littafi yana nan, malami ma yana nan. A Arewa kuwa dattawa ba su manta da motocin majigi da ke zagaya garuruwa tun zamanin Turawa ba, suna haska finafinan tsafta da na noma irin su Baban Larai a ƙofar fada ko filin makaranta. Abin lura a tsarin majigi shi ne mai sharhi da ke tsaye da lasifika yana bayyana wa jama'a da Hausa abin da suke gani. Wannan gurbi na mai sharhi shi ne gurbin malami a yau, kuma da shi darasin ke tsayuwa.

Bidiyo ya cancanci a ɓata masa lokacin aji ne idan abin da za a koyar yana cikin rukuni huɗu. Na farko, abin da ke motsi, kamar zagayawar jini ko yadda fistin ke hawa da sauka a cikin injin mota. Na biyu, abin da ido ba ya kamawa saboda ƙanƙanta, girma ko jinkiri, kamar ƙwayar halitta tana rabuwa biyu, ko ƙwayar wake tana tsirowa a hoton da aka tattara kwanaki goma cikin daƙiƙa talatin. Na uku, abin da ke da haɗari ko tsada, kamar jefa sinadarin sodiyam a ruwa, ko gwajin auna asid da ake yi a furaktikal na WAEC da NECO, wanda ɗalibin makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje zai so ya ga yadda launin ruwan ke sauyawa da ɗigo ɗaya tun kafin ranar jarrabawa. Na huɗu, abin da ya yi nisa a wuri ko a zamani, kamar teku ga yaron da ya tashi a Daura, ko bikin samun 'yancin kai na 1 ga Oktoba 1960.

Idan darasin bai faɗa ɗaya daga cikin waɗannan ba, alli ya wadatar. Bidiyon da ke nuna wani mutum tsaye yana karanta ma'anar suna da aikatau bai ƙara wa malamin aji komai ba.

Wuraren da ake nema

YouTube, wanda aka kafa a 2005, shi ne babbar kasuwa, kuma mai shiga ba tare da sanin abin da ya je nema ba zai ƙone datarsa a banza. Gara malami ya riƙe 'yan tashoshi da aka san ingancinsu.

Khan Academy ta samo asali ne daga wani Ba'amurke mai suna Salman Khan, wanda ya fara koya wa 'yar'uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya soma ɗora darussan a YouTube a 2006, sannan ya mayar da aikin cibiya mai zaman kanta a 2008. Ƙarfinta lissafi ne da kimiyya, daga firamare har shiga jami'a. TED-Ed, wadda ta fara a 2012, tana yin gajerun zane masu motsi na minti huɗu zuwa shida, kowanne yana amsa tambaya guda. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da bidiyoyin duniyoyi, yanayi da husufi, kuma galibinsu an yarda kowa ya yi amfani da su. Malamin tarihi zai sami taska a British Pathé, kamfanin labaran fim na Ingila da ya ɗora finafinai kusan 85,000 a YouTube a 2014, ciki har da hotunan ziyarar Sarauniya Elizabeth zuwa Nijeriya a 1956, ziyarar da aka yi mata gagarumin hawan daba a Kaduna.

Malamin labarin ƙasa kuma yana da Google Earth Timelapse, wanda ke jera hotunan tauraron ɗan'adam daga 1984 zuwa 'yan shekarun nan. Da shi ɗalibai za su ga birnin Kano yana faɗaɗa yana cinye gonakin da ke kewaye da shi, ko su ga yadda bakin Tafkin Chadi ke matsawa daga shekara zuwa shekara.

A gida Nijeriya, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a watan Maris na 2022. Rajista kyauta ce, darussan sun bi manhajar karatun ƙasa, kuma akwai na Hausa tare da na Turanci, Ibo da Yarabanci. Ga 'yan nazare da ƙananan azuzuwan firamare, kamfanin Ubongo na Tanzaniya yana da shirin Akili and Me, wanda aka juya zuwa Hausa. Akwai kuma PhET na Jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a fiziks, ya kafa a 2002. Shi kwaikwayon gwaji ne da ake taɓawa: ɗalibi ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan allon kwamfuta, ya ga wuta ta kama ko ta ƙi. Ana iya sauke shi a yi aiki da shi ba tare da intanet ba.

Yadda ake tantancewa

Ƙa'ida ta farko, malami ya kalli bidiyon da kansa daga farko har ƙarshe, da biro a hannu, yana rubuta minti da daƙiƙar wuraren da zai tsaya. Ba a wakilta wannan aiki, ba a kuma yin sa a gaban ɗalibai. A nan ne zai gano ko akwai shiga ko furuci da bai dace da tarbiyyar yaransa ba, ko bayanin ya saɓa wa littafin da suke amfani da shi, ko ma'aunin da aka yi amfani da shi na Amurka ne, inci da fam, alhali su mita da kilo suka sani.

Sai tsawo. A 2014 wasu masu bincike uku, Philip Guo da Juho Kim da Rob Rubin, sun nazarci kallon bidiyo har sau miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX. Sun gano cewa komai tsawon bidiyo, tsaka-tsakin lokacin da ɗalibai ke tsayawa su kalla ba ya wuce minti 6. Waɗannan manya ne da suka kawo kansu neman ilimi, balle yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke zaune a benci da rana tsaka. Saboda haka minti biyu zuwa biyar ya isa. Idan bidiyon minti ashirin ne kuma abin da ake so yana tsakiyarsa, a ɗauki wannan yankin kawai.

Richard Mayer na Jami'ar California da ke Santa Barbara ya shafe shekaru yana gwada yadda mutane ke koyo daga hoto da murya, kuma sakamakonsa ya ba malami ma'auni mai sauƙi. Kiɗa da ƙyale-ƙyalen da ba su shafi darasi ba suna rage fahimta. Rubutu mai yawa a allo wanda ke maimaita abin da murya ke faɗa yana raba hankalin mai kallo. Kibiya ko launi da ke nuna inda za a duba suna taimakawa, haka ma yanka bayani gunduwa-gunduwa. Bidiyon da ya fi ƙyalli sau da yawa ba shi ne ya fi koyarwa ba.

Batun harshe ma babba ne. Turancin Ba'amurke mai sauri yakan wuce kunnen ɗalibin ƙaramar sakandare. YouTube yana ba da damar rage gudun magana zuwa 0.75, amma abin da ya fi wannan shi ne a kashe muryar ɗungurungum, malami ya yi sharhin da bakinsa, da Hausa ko da Turancin da yaransa suka saba ji, yana kawo kalmomin jarrabawa a inda suka dace.

A ƙarshe a duba mai tashar. Yanzu ƙirƙirarriyar basira tana haɗa bidiyon dabbar da ba ta wanzu ba, ko tarihin da bai faru ba, ya fito kamar gaske. Tashar jami'a, ta gidan tarihi ko ta wata sananniyar cibiya ta fi wadda ba a san mai ita ba.

A shigo da shi a aljihu

Malamin da ya dogara da sabis a cikin aji ya ba da amanar darasinsa ga abin da ba shi da iko a kai. Da'irar nan da ke juyawa a tsakiyar allo tana iya cinye minti biyar, kuma kafin ta tsaya aji ya kaure da surutu. Ga kuma talla, ga bidiyon da ke biyo baya da kansa, wanda ba wanda ya san abin da zai nuna. Maganin duk wannan shi ne a sauke bidiyon tun jiya, a inda sabis ke da ƙarfi, ko da dare lokacin da wasu kamfanonin waya ke sayar da data da rahusa.

Manhajar YouTube ta waya tana da maɓallin saukewa a ƙarƙashin bidiyoyi da dama. Abin da aka sauke ta nan yana zama ne a cikin manhajar, ba a iya tura shi wata waya, kuma sai an riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci kafin ya ci gaba da buɗewa. Dokokin YouTube ba su yarda a ciro bidiyo da wasu manhajoji na waje ba. Wanda ke son fayil da zai sa a fulash sai ya nufi wuraren da suka ba da izini da kansu, irin su NASA, Wikimedia Commons da Internet Archive. Manhajar Khan Academy ma tana barin a ajiye darussa a waya.

Ba dole sai hoto mafi kyau ba. Matakin 480p ya isa ga talabijin na aji, kuma bidiyon minti biyar a wannan mataki bai cika wuce megabayit 50 ba. Ke nan memori mai gigabayit 32 zai ɗauki fiye da 600. Daga waya zuwa waya kuwa Xender ko Bluetooth sun wadatar, kamar yadda matasa ke tura wa juna finafinai ba tare da taɓa data ba.

Makarantar da ke da ko da kwamfuta ɗaya ta nemi Kolibri, manhaja ce ta kyauta da ƙungiyar Learning Equality ta yi musamman domin wuraren da babu intanet. Ana kai kwamfutar inda akwai sabis sau ɗaya, a zuba mata darussan Khan Academy da PhET da sauransu, a dawo da ita makaranta. Daga nan wayoyi da kwamfutocin da ke kusa za su iya shiga cikinta ta Wi-Fi na cikin gida su kalli darussan, ko da garin babu sabis ko kaɗan.

Allo, murya da wuta

Masu harkar haska hoto suna da lissafin da ya kamata malami ya sani: wanda ya fi kowa nisa kada ya wuce ninki shida na tsayin allon idan ana so ya karanta rubutu. Talabijin mai inci 32 tsayinsa kusan santimita 40 ne, wato iyakarsa mita biyu da rabi. A aji mai tsawon mita 8, 'yan bencin baya motsi kawai suke gani. Mafita ita ce a matso da su gaba, na gaba su zauna a tabarma, ko a raba ajin kashi biyu, wasu na kallo wasu na aikin rubutu, sannan a yi musanya.

Majigi na zamani yana ba da hoto babba, amma a lura da ƙarfin haskensa kafin a saya. Ajin da rana ke shiga ta taga yana buƙatar mai lumen 3,000 ko kusa da haka, kuma irin wannan yana shan wat 200 zuwa 300, sai da janareta ko sola mai ƙarfi. Ƙananan masu arha da ake gani a kasuwa ba su cika nuna komai ba sai a ɗaki mai duhu. Talabijin na LED kuwa wat 50 ko ƙasa da haka yake ci, ƙaramin batir na sola zai riƙe shi. A kafa allon a bangon da rana ba ta dukansa, a rufe tagogin da ke kusa da shi da labule ko kwali, a bar na baya a buɗe saboda iska.

Murya ce aka fi mantawa da ita. Sifikar waya ko ta laftof ba ta wuce benci na biyu. Ƙaramar sifika mai caji da ke haɗuwa ta Bluetooth tana magance wannan, kuma a ajiye ta a tsakiyar aji. Malami ya je bencin ƙarshe da kansa ya saurara kafin yara su shigo.

Inda babu komai sai wayar malami, har yanzu ana iya yi. A raba yara rukuni-rukuni na mutum shida zuwa takwas, kowane rukuni ya zo tebur ya kalli bidiyon minti ɗaya ko biyu, sauran suna amsa tambayoyin da ke allo. A sa wayar a yanayin jirgin sama tukuna, don kada kira ko saƙon gida ya faɗo a gaban ɗalibai.

A kwamfuta, VLC ce manhajar da ta fi dacewa, kyauta ce kuma tana buɗe kusan kowane irin fayil. Dogon maɓallin tazara yana tsayarwa yana ci gaba, harafin M yana kashe murya, F yana cika allo, E kuma yana matsar da hoto ɗaya bayan ɗaya, abin da ke da amfani idan ana son a ga daidai lokacin da wani abu ya sauya.

Darasi guda daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki darasin husufi a aji biyu na ƙaramar sakandare, minti 40. Malam ya riga ya sauke zane mai motsi na minti uku da ke nuna rana da wata da duniya. Ya zo da tocila, da lemo, da ƙwallon roba.

Bai fara da bidiyon ba. Ya fara da tambaya: "Wa ya taɓa ganin husufi? Me ke faruwa a sama lokacin?" Hannaye suka tashi. Wata ta ce, "Malam, a unguwarmu cewa ake yi rana ta kama wata." Wani ya ce gajimare ne ke rufewa. Malam bai ce wa kowa ya yi kuskure ba, ya rubuta amsoshin duka a gefen allo. Ya kuma ba su labarin husufin 29 ga Maris 2006, wanda inuwarsa ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram har gari ya yi duhu da hantsi, ya ce su tambayi iyayensu idan sun koma gida.

Wannan mataki yana da tushe. Derek Muller, mai tashar kimiyya ta Veritasium, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sydney kan koyar da fiziks ta bidiyo. Ya gano cewa ɗaliban da suka kalli bayani mai santsi sukan ce sun gane, su ƙara yarda da kansu, amma makinsu bai cika motsawa ba, domin suna sauraro ne da tsohuwar fahimtarsu. Waɗanda aka fara fito musu da kuskuren da aka saba yi sannan aka warware shi sun ce darasin ya fi rikitarwa, amma su ne suka fi ci. Yaro sai ya furta abin da ke ransa kafin hoto ya iya gyara shi.

Sannan Malam ya rubuta tambayoyi biyu: me ke shiga tsakani, kuma inuwar wa ke faɗawa kan wa? Ya kunna bidiyon ba murya, yana sharhi. Da wata ya kusa shiga tsakanin rana da duniya sai ya tsayar. "To, me kuke zaton zai faru yanzu? Kowa ya gaya wa na kusa da shi." Bayan daƙiƙa talatin ya saki hoton, inuwa ta sauka a kan duniya, aji ya ɗauki "Laa!" Gani ya kori ji. Ya sake tsayarwa a husufin wata, ya sa su faɗi bambancin jerin. Ya maimaita bidiyon karo na biyu ba tsayawa.

Minti ashirin da suka rage na hannu ne. Yara uku suka fito, ɗaya da tocila, ɗaya da lemo, ɗaya da ƙwallo, sauran suna gaya musu inda za su tsaya. Kowa ya zana jerin biyu a littafinsa. Wata yarinya ta tambaya me ya sa ba a yin husufi kowane wata, Malam ya ɗaga lemon sama kaɗan, inuwar ta wuce ta saman ƙwallon, ya bayyana cewa hanyar wata ta karkace da kusan digiri 5. Ya rufe da gargaɗin kada a kalli rana da ido tsirara ko a lokacin husufi, domin tana ƙona ganin mutum. A cikin minti 40 ɗin nan, bidiyo ya yi aiki ne na minti shida kacal.

Malami ya ɗauki nasa

Bidiyon kimiyya da lissafi da Hausa har yanzu kaɗan ne, kuma malaman aji ne suka fi cancanta su cike giɓin. Wayar hannu ta isa. A jera littattafai biyu-biyu hagu da dama, a ɗora rula ko katako a kansu, a kwantar da wayar kyamara na kallon ƙasa, a sa farar takarda a ƙarƙashi. A zauna kusa da taga da safe don haske, a rubuta da baƙar maka mai kauri, a yi magana ta makirufon iyafis. Hannu da murya kawai za a gani a ji, don haka malamar da ba ta son fuskarta ta fita ba ta da damuwa. Binciken edX da aka ambata ya nuna cewa irin wannan rubutu da hannu ana magana ya fi riƙe ɗalibai a kan shafukan da aka tsara aka jera.

Kowane bidiyo ya ɗauki abu ɗaya: yadda ake tara ɓangarorin lamba masu mabambantan ƙasa, misali biyu, shi ke nan. A rubuta abin da za a faɗa a taƙaice kafin a fara. Idan harshe ya sarƙe a gyara a ci gaba, kamar yadda ake yi a aji. CapCut ko InShot suna yanke farko da ƙarshe a waya, HandBrake kuma yana rage nauyin fayil a kwamfuta.

Wasu malaman kemistiri biyu a jihar Colorado, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, sun fara ɗaukar darussansu a 2007 saboda ɗaliban da ke rasa aji. Daga baya suka juya tsarin gaba ɗaya, bayani a gida ta bidiyo, aikin gida kuma a aji tare da malami. A wurinmu ba kowane gida ke da babbar waya ba, kuma inda take akwai galibi tana hannun uba ko yaya har dare. Don haka kada a ɗora maki a kan kallon gida. A tura bidiyon a zauren WhatsApp na iyaye a matsayin ƙari, ga mai jinya, ga wanda damina ta tsare a gona, ga mai bitar jarrabawa, kuma a tanadi lokacin tara ko bayan tashi ga waɗanda ba su samu gani ba.

Haƙƙi da amana

Nuna wa aji bidiyon wani, abu ne daban da sake ɗora shi a tasharka ko sayar da shi. Khan Academy, misali, ta yarda a yi amfani da darussanta a raba, muddin an ambaci mai su kuma ba don kasuwanci ba. YouTube yana da matatar bincike da ke ware bidiyoyi masu lasisin Creative Commons, waɗanda aka yarda a yanka a sake amfani da su tare da ambaton mai su.

Fuskokin ɗalibai kuwa amana ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma hoto na cikin bayanan. Kada a ɗauki yara a ɗora a Facebook ko TikTok ba tare da izinin iyaye da na shugaban makaranta ba, ko da niyyar nuna ƙwazonsu ce.

Taskar makaranta

Aikin ya fi sauƙi idan ba mutum ɗaya ke ɗauke da shi ba. Malaman sashe guda su zauna a makon farko na zango da jadawalin darussa a gabansu, su ware batutuwan da ke buƙatar bidiyo, su raba nema a tsakaninsu. Malamai biyar, kowa ya kawo huɗu a zango, sun tara 60 a shekara. A ba kowane fayil suna mai bayani, aji da darasi da batu da tsawo, kamar JSS2-Kimiyya-Husufi-minti3, a jera su a jaka-jaka. A ajiye kwafi biyu, ɗaya a kwamfutar makaranta ɗaya a memorin da ke ofishin shugaba, kuma kada a riƙa kai fulash ɗin sashe shagunan tura finafinai, domin ta nan bairos ke shiga. A haɗa da ƙaramin littafi inda duk wanda ya yi amfani da bidiyo zai rubuta mintin da ya tsaya, tambayar da ta yi aiki, da abin da ya rikita yara, don malamin da zai karɓi ajin baɗi ya fara daga nan.